Tarihin Rayuwata (14): Ranar da kwamfuta ta mayar da ni ɗan Morabiya

Makon jiya na tsaya a inda aka karɓe ni a ɗakin binciken sauti a Prag, babban birnin ƙasar Cek. Aikin farko da aka ɗora mini shi ne wasulan harshen Cek: a, e, i, o, u, kowanne da gajere da dogo, goma ke nan. Na ce a raina ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Wanda ya tashi yana rarrabe garin zama da garin tuwo, me zai ba shi tsoro? Su ma har ɗan karan layi suke ɗora wa dogon, mu kuwa boko ya bar mu da canki-canka.

Malamina, wani dattijo da ba ya rabuwa da kofin shayi, ya zaro bututun roba mai tsawon santimita 17 daga aljihun tebur. Ya ce kusan tsawon hanyar muryar namiji ke nan, daga maƙogwaro zuwa leɓe. Maƙogwaro ne ke kaɗa sauti, bututun ya tace shi, kamar yadda Gunnar Fant na Suwidin ya bayyana a 1960. Bututun da faɗinsa ɗaya ne yakan amsa a wajen 500, 1500 da 2500 haz, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa guda. Harshe na motsawa, waɗannan wuraren amsawa, da ke fitowa kamar tuddai a allon kwamfuta, su gusa, wasali ya sauya.

Mu namu shi ne mu yanka murya gunduwa-gunduwa, milisakan 25, mu sa kwamfuta ta yi hasashen kowane ɗigon sauti daga waɗanda suka gabace shi. LPC ake ce wa dabarar. Wasalin u ya wahalar da ni kwana uku, don tuddansa biyu na farko maƙwabtan juna ne. Na ƙaranta yawan ɗigogin baya da kwamfutar ke hasashe da su, sai suka narke suka zama ɗaya.

Ran nan na ɗauki muryata ina cewa byt, wato ɗakin zama, da být, kasancewa. Malam ya leƙa allon, ya fashe da dariya.

"Ja kawai ka yi. A Prag gajeren i ya fi buɗe baki, ba tsawo kaɗai ba ne. Mutanen Morabiya ne ke faɗa irin taka."

Tun daga ranar sunana ya koma ɗan Morabiya, wato yankin gabashin ƙasar Cek, alhali ko Brno, babban birnin yankin, ban taɓa takawa ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwana can cikin hunturu.