NOT IN da NOT EXISTS ba ɗaya ba ne, 'yan'uwa

Alhamdulillahi, tambayar SQL ɗina (query) da ke zaƙulo kwastomomin da ba su taɓa yin oda ba ta daina jan ƙafa. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 16 nake, kuma fihirisa (index) ko ɗaya ban ƙara ba. NOT IN na cire, na sa NOT EXISTS.

Abin da ya ruɗe ni shi ne IN da EXISTS. Na gwada su da EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda za a gudanar da tambaya, tsari ɗaya suka fitar, sai na ɗauka NOT IN da NOT EXISTS ma haka suke. Ashe ba haka ba. NOT EXISTS takan koma Anti Join, wato haɗin da ke zaƙulo layukan da ba su da abokin haɗi a ɗaya teburin, tun daga sigar 8.4 ta 2009. NOT IN kuwa ba a juya ta, kuma NULL, wato gurbin da ba shi da ƙima, shi ne sanadi: idan tambayar ciki ta dawo da NULL ko guda ɗaya, sharaɗin ba zai zama gaskiya ga kowane layi ba, sakamako ya fito wayam. Ma'anarsu ta bambanta ke nan, mai tsara hanyar gudanar da tambaya (planner) kuma ba ya taɓa ma'ana. Abin haushin, ginshiƙin nawa NOT NULL ne, amma wannan sigar ba ta duba hakan.

Ku lura da kalma ɗaya a EXPLAIN. In kun ga "hashed SubPlan", da sauƙi, sau ɗaya ake gina jerin sakamakon tambayar ciki a ƙwaƙwalwa. Sharaɗin shi ne kiyasin girman jerin ya shiga cikin work_mem (kason ƙwaƙwalwa na kowane mataki) sau hash_mem_multiplier, wato 4MB sau 2 in ba ku taɓa saitin ba. Da teburin oda ya girma ya wuce nan, kalmar "hashed" ta ɓace, kowane kwastoma sai an bi masa jerin odar tun daga farko. Shi ya sa a ƙaramin teburin gwaji komai lafiya lau.

Na fara da ɗaga work_mem ga sabar gaba ɗaya, na kuwa ji a jikina: kowane matakin jerantawa ko hash na kowace tambaya yana iya cin nasa kason, ƙwaƙwalwa ta cika. Na mayar da shi yadda yake.

LEFT JOIN da IS NULL a kan ginshiƙin haɗin ma Anti Join ta ba ni. Saura tambayar rahoton wata mai tebur 11, wadda ta haura join_collapse_limit na 8, wato iyakar teburan da PostgreSQL ke sake wa jerin haɗi da kanta, inda jerin da na rubuta JOIN ɗin ya fara tasiri. Ita zan kama gobe in sha Allahu.