Dakon barewa a bakin mashaya, hamadar Arizona

A kudancin jihar Arizona ta Amurka in kana son harbin barewa da kwari da baka, manyan hanyoyi biyu ne. Ko ka hau tsauni da madubin hangen nesa ka hango ta sannan ka bi ta da sanɗa, ko kuma ka nemi inda take shan ruwa ka zauna ka jira ta, abun da maharbanmu na gida ke ce ma dako. Ni dako na zaɓa, don gaskiya gwiwata ba ta hawan dutse bace, ga ƙasar nan duk tsakuwa da busasshiyar ciyawa, kana ɗaga ƙafa dabba ta ji ka tun kana can nesa. Wani dattijo ɗan asalin Meziko da muke aiki tare a Tucson ne ya sa ni a hanya, Baba nake ce masa, shi kuma yaro yake ce min duk da furfurar da ta fara leƙo min a gemu.

Barewar da muke nema sunanta Coues. Ƙarama ce, namijin da ya ƙasaita da kyar yake wuce kilo 50, kaman dai babban bunsuru mai dogayen ƙafafu, launinta toka-toka, in ta tsaya a inuwar itace wallahi sai ka kalli wurin ka ɗauke kai baka ganta ba. Ƙahon namijin mai rassa ne, duk shekara yake zubar da shi ya fito da sabo, a watan Agusta kuwa ƙahon na lulluɓe da wata fata mai laushi mai gashi-gashi don bai gama ƙwari ba.

Ruwan da ake dako a kai kala-kala ne. Akwai tafkin da masu kiwon shanu suka haƙa, akwai kwamin ƙarfe ko na siminti da famfon sola ke cikawa, sai kuma wanda hukumar kula da namun daji ta jiha ta gina. Tun 1946 suke gina su, yanzu sun kai wajen 3,000. Aikin ya burge ni sosai, rufin kwano ne ake shimfiɗawa ƙasa-ƙasa, ruwan sama in ya sauka ya gangara cikin tanki, daga tankin ya riƙa zuwa ɗan kwamin da dabbobi ke sha. In fari ya yi tsanani da tanka suke kai ruwa, inda mota bata shiga har da helikwafta.

Abu na farko da na gane shine ba kai ke yanke hukunci ba, sama ce. Na fara ne a ƙarshen Agustan 2021, kuma a Yulin shekarar Tucson ta samu ruwa sama da milimita 200 cikin wata guda, abun da ba a taɓa rubuta irinsa ba a garin. Daji yayi kore shar, kowane kwari da ruwa kwance, kowane ramin dutse da ruwa. Toh wace barewa ce zata taka ta zo bakin kwami inda ta san ana mata kwanto, alhali ga ruwa a gindin gadonta? Na zauna na zauna, ban ga komai ba sai shanu da ƙudan zuma. Baba dariya kawai yake, yace yaro wannan shekarar ta barewa ce, tamu na nan tafe. Ta kuwa zo a 2023, shekarar da Phoenix, babban birnin jihar, ta jera kwana 31 kullum zafin rana na kai digiri 43 na Salshiyos ko fiye, daminar kuma ta zo a tsaitsaye. Tafkuna suka kafe suka tsattsage, sawun da ke bakin kwamin da muka zaɓa a gindin tsaunukan kudu da Tucson har hawa kan juna yake. Don haka kafin ka sayi komai duba ruwan sama tukun, ko yayyafi mai ɗan ƙarfi aka yi daren jiya, kwanta abunka ka huta.

Sai dokoki, kuma nan ba wasa suke ba. Dole lasin da takardar izinin barewa, namiji mai ƙaho kaɗai ake harbi, guda ɗaya tak a shekara. Ba harbin dare, ba fitila, ba dafi a kibiya, wannan ya bambanta mu da maharban gida da dafi ke ƙarasa musu aiki, nan kaifin kibiyar da inda ka sa ta ne kawai. Ƙarfin baka kada ya gaza laba 30, nawa 60 ne, irin mai 'yan tayoyi sama da ƙasa da in ka ja tsarkiya ta kai ƙarshe sai nauyin ya ragu ka iya riƙewa. Haramun ne ka kafa zango ka kwana a ƙasa da kusan mita 400 daga ruwan da dabbobi suka dogara da shi. Tun farkon 2022 kuma an hana ɗaura kyamara a daji don farauta, da can wani kwamin zaka tarar da kyamarori a jere a jikin kowane itace, masu su na ta sintiri suna korar dabbobi. Ni dai na ji daɗin hanin nan, ya dawo da karatun sawu. Kuma a dajin gwamnati barin tantinka a bakin ruwa baya nufin wurin ya zama naka, wanda ya riga isa shi ke zama, in ka tarar da mota a hanya ka juya salin alin. Mu baƙi kuma ga ƙari, hanyar da ta taso daga Nogales, garin da ke kan iyaka da Meziko, akwai shingen jami'an kan iyaka, kada ka fita ba takardunka.

Maɓoyar 'yar tanti ce mai duhu a ciki da ƙananan tagogi. Mun kafa ta tun kafin a buɗe lokacin harbi don dabbobi su saba da ganinta, muka cusa ta ƙarƙashin wani itacen meskit muka rufe da rassa, mita 18 daga kwamin. Baƙar riga ake sawa a ciki, taga ɗaya kawai ake buɗewa, ta baya a rufe ruf don kada haske ya nuna inuwarka. Amma duk wannan ƙaramin abu ne akan iska. Hancin barewa ba a yaudararsa, turaren kashe wari da ake tallatawa a shaguna ni ban ga amfaninsa ba in kana zufa tun safe. A gindin tsauni da asuba iska mai sanyi gangarowa take ƙasa, rana na ɗagawa ƙasa ta ɗau zafi sai ta juya ta fara hawa sama, toh tsakanin nan akwai lokacin da take wulwulawa ta ko'ina, shine mafi haɗari. Baba na yawo da 'yar kwalba mai farin gari yana fesawa yana kallon inda ya nufa. Mun zauna ta gefen da iskar rana ke kwashe warinmu zuwa wani fili da babu hanyar dabba ko ɗaya.

Wani abun mamaki, ni na taso da sanin cewa dabba da asuba ko magariba take shan ruwa. Wannan barewar ba ruwanta, tsakanin hantsi zuwa bayan azahar ta fi zuwa, daidai lokacin da tantin ya zama tanda, daidai lokacin da yawancin mutane ke haƙura su koma mota. Don haka na kan yi asuba a gindin mota in shiga tun da duhu, da ruwa lita biyar da dabino, in haska ƙasan tantin da kyau saboda macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya yana son inuwa shi ma, sannan in zauna, ba tari ba waya ba miƙa.

Ranar da na harbi barewata, makwarwar hamada ce ta fara zuwa, masu ɗan tukku a ka, a jere uwa a gaba. Sai wani dila ya sha ya wuce. Sai aladen dajinsu da ake kira habalina, garke guda, suna wari suna faɗa. Wajen sha ɗaya wata uwar barewa ta fito da ɗanta mai ɗige-ɗige a jiki. A kanta na koyi abun da yafi komai amfani. Ta tsaya a bakin itatuwa ta fi minti ashirin bata motsa ba, kunnuwa kawai ke juyawa ɗaya gaba ɗaya baya. Ta yi taku uku ta tsaya. Ta sunkuya kaman zata sha, kafin bakinta ya taɓa ruwa ta ɗago fir ta kafe tantin da ido, wai ko zata kama wani yana motsi. Sau biyu tana wannan wayon. Da ta fara sha ina ganin maƙogwaronta na hawa da sauka, ga ƙudan zuma na yawo a gefen hancinta, ƙafafun baya a tanƙware kaman an ɗana tarko. Wata kurciya ta tashi fuu, wallahi kafin in ƙifta ido cikinta ya kusa taɓa ƙasa ta juya ta bar wurin, ɗan na binta.

Wannan durƙusawar ita ce matsalar mai baka. Ƙara tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kibiyata bata wuce 85 ba, kenan ƙarar tsarkiya na isa kunnenta tun kibiya bata ci rabin hanya ba. Ba kaucewa kibiya take ba, durƙusawa take don ta zabura, amma sakamakon ɗaya ne, inda ka auna ya sauka ƙasa, kibiya ta bi ta saman baya ko kuma, wanda yafi muni, ta same ta a wurin da ba zai kashe ba ta tafi da rauni. Kuma ba inda barewa take a tsorace kaman bakin ruwa, don nan zakin dutse ke mata kwanto tun kafin mu. Ruwan na kawo maka ita kusa, amma yana kawo ta ne a ɗane. Shi yasa Baba ya kafa min sharuɗɗa, kada in wuce mita 20 komai girman ƙaho, in auna ƙasa-ƙasa daidai zuciya ta yanda in ta durƙusa kibiya ta samu huhu, kuma kada in ja tsarkiya tana shigowa, in bari ta sha ta ƙoshi jikinta ya saki.

Bayan ƙarfe ɗaya namijin ya zo shi kaɗai, ba wani babba bane, rassa uku-uku. Ya yi duk irin wayon da uwar ta yi. Na bar shi ya sha, zuciyata na bugawa har ina jin ta a kunne, zufa na shiga min ido ba halin sharewa. Da ya ɗago ya juya ya bani gefe yana kallon tsauni, ƙafar gaba ta ɗan matsa gaba, na ja a hankali, na ce Bismillah, na saki. Ya durƙusa kuwa, amma kibiyar ta shiga bayan kafaɗa ta fita ta ɗaya gefen. Ya ruga cikin itatuwa. Na zauna rabin awa kaman yanda aka koya min, don in ka bi dabba da zafi sai ta ƙara nisa. Kibiyar na tarar da ita kwance da jini ja mai kumfa, alamar huhu. Bai yi mita 60 ba.

Batun halacci tun kafin in fara na kira malaminmu na gida. Nace Allah gafarta Malam, in na harba na tarar ta mutu fa? Yace in dai ka ambaci sunan Allah wajen saki, kuma kaifin kibiya ne ya huda ta, ka ci, in ka riske ta da rai ka yanka. Sai ya ƙara min da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, cewa in ka tarar ta faɗa cikin ruwa ta mutu kada ka ci, don baka sani ba ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarka. Wannan ya shafi mai dako kai tsaye, shi yasa na fi son kwami akan babban tafki, kuma bana harbin dabbar da ƙafafunta ke cikin ruwa. Ga kuma jini da zai ɓata ma sauran dabbobi da shanun mutane abun sha.

Akwai masu cewa dako a bakin ruwa ba farauta bace, cin zali ne, ka jira mai ƙishi a inda ba shi da zaɓi. Ban raina maganar ba, don duk wanda ya ga uwar nan tana lasar baki daga nesa tana tsoron matsowa zai ji wani abu. Amma a ganina harbi daga mita 18 kan dabbar da ke tsaye ya fi tausayi akan na mita 60 bayan sanɗa da mutum ke haki hannu na rawa. Inda nake ganin zalunci shine wanda zai faka mota a bakin ruwa, ko ya yi ta kai-kawo yana hira ya hana dabbobi sha yini guda cikin wannan zafin. In ka gama ka tattara ka bar wurin, ƙofar shingen makiyaya kuma ka bar ta yanda ka same ta.

Aikin gaske bayan harbin yake. A zafin digiri 38 nama baya jira, nan take na ɗaura takardar izini, na ja shi inuwa nesa da ruwan, na farke na cire kayan ciki, muka feɗe muka yanka gaɓa-gaɓa cikin buhunan yadi, sai cikin kula mai ƙanƙara da muka tanada tun daren jiya, cikin awa ɗaya mun gama. Kafin awa 48 dole ka sanar da hukuma, don tun 2022 kowane yanki akwai adadin barewar da aka yarda a harba, in an cika sai a rufe shi. Naman ba kitse ko kaɗan, in ka gasa da yawa sai ya bushe, don haka cinyoyin na yi kilishi da su a rufin gida, ranar Arizona kuwa ba sai an roƙe ta ba, haƙarƙari da wuya suka tafi farfesu, Baba ya ɗauki hanta da fatar.