Na Je Sallins Ranar Talata, Ban Tarar da Kowa a Gida Ba

Kuɗin haya ne ya kai ni Sallins, ba yawon buɗe ido ba. Ɗakin da nake ciki a Dublin, sai ka ɗage kujera kafin ka shimfiɗa dadduma, amma shi ke cinye fiye da rabin albashina. Wata 'yar garinmu da nake kira Yaya, ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a ƙasar Ayalan, ita ta ce da ni, "Ƙanena, ka fita daga birnin nan mana. Akwai ɗaki a Sallins, jirgin ƙasa bai fi rabin awa ba." Mai gidan ya ce in zo ƙarfe shida na yamma. Ni kuma da wayona na ce bari in yi sammako in ƙare wa garin kallo tukuna.

Ranar wata Talata ce a watan Nuwamba. A tashar Heuston jiragen da ke shigowa suna ta amayar da mutane, kowa da kofin kofi a hannu yana sauri kamar an biyo shi. Nawa jirgin kuwa, mu huɗu ne a tarago. Na miƙe ƙafa ina cewa yau na yi sa'a. Ban gane ba a lokacin cewa mutanen garin da zan je gani su ne waɗannan da muka yi saɓani da su a bakin ƙofa.

Na sauka a tashar da aka rubuta wa Sallins da Naas, sunan farko kuma an sake rubuta shi da harshen ƙasar, Na Solláin. Wurin ajiye motoci maƙil, babu masakar tsinke. Titi kuwa wayam. Gidaje sababbi a jere, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, labule a sake. Na taɓa zama a Mararaba ina zuwa aiki Abuja, don haka na san garin da mutanensa ke kwana kawai su fice. Amma Mararaba ko da tsakar rana akwai mai rake, mai faci, ɗan acaɓa, yara masu talla. Nan ko kaza ba ta yi kuka ba. Na aika wa Yaya saƙon murya: "Yaya, wannan gari ne ko kufai?" Ta maido da dariya. "Kai da ka je gidan manomi da hantsi a tsakiyar damina, wa kake so ka tarar? Gangara bakin ruwa."

Daga tashar zuwa gadar dutse da ke tsakiyar gari tafiyar 'yan mintuna ce. Daga kan gadar na leƙa, sai ga abin da ya sauya mini yinin. Kanal ne, amma ba irin namu na Kadawa da Kura mai kai ruwa gonar shinkafa ba. Wannan hanya ce. Sunansa Grand Canal, an haƙa shi da hannu don haɗa Dublin da kogin Shannon, tsawon kilomita kusan 132, aka gama a 1804. Tun 1779 jiragen kaya suka fara isowa Sallins. Gefe da gefe jiragen ruwa ne dogaye a ɗaure, ja da kore da baƙi, wasu da tukwanen fure a kan rufi, wasu da keke a jingine da tarin itacen hura wuta. Hayaƙi na fita daga bututun biyu ko uku. Ashe akwai mutane a garin, a kan ruwa suke zaune.

Wani dattijo na zaune a bayan nasa jirgin yana kankare tsatsa. A gida da na ce "Baba, sannu da aiki." Nan sai na ɗaga hannu kawai, shi kuma ya ce yau sanyi da sauƙi, alhali yatsuna sun ƙage. Daga baya na fahimci zancen yanayi shi ne "ina kwana, ina gajiya" ɗinsu. Ba a musa shi, amsawa ake a wuce zuwa hira. Ya dubi takalmina, sau-ciki na fata da na goge don mai gida ya ga mutumin kirki, ya girgiza kai. Sannan ya nuna mini siririyar hanyar da ke bin gefen ruwan, ya ce ta dawakai ce. A da doki ke tafiya a tudu da igiya, yana jan jirgi cike da hatsi ko gangunan giyar Guinness ko busasshiyar ƙasar fadama da suke ƙonawa maimakon gawayi. Jirgin ƙasa ya zo ya kwashe kasuwar sannu a hankali, har aka daina dakon kaya ta ruwan a 1960. Yau jirgi ba ya wuce gudun kilomita 6 a awa a kansa. Mai sauri da ƙafa yana iya jerawa da shi suna hira.

Shi ya ce in bi hanyar yamma in ga inda ruwa ya haye ruwa. Na ɗauka ban ji Turancinsa daidai ba.

Na wuce inda wani reshe ya ɓalle ya nufi garin Naas, na ɗan bi shi don in ga ƙofar ruwa da idona. Abin mai sauƙi ne har ya ba ni haushi da ban taɓa tunaninsa ba. Ruwa ba ya hawa tudu, to sai aka yi masa matakala: ɗaki ne na dutse mai ƙyauren katako gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe bayansa, a murɗa wani ƙarfe ruwan sama ya kwararo, jirgin ya yi ta tasowa kamar ƙwarya a randa har ya daidaita da na gaba, sai a tura ƙyauren da ƙugu a wuce. Babu inji, babu lantarki. Irin wannan matakala 43 ce tsakanin Dublin da Shannon.

Na dawo babbar hanya na ci gaba, kuma a nan takalmin ya fara ba da labari. Yayyafin ƙasar nan ba ya sallama, ba ya kuma bankwana. Lemar da na buɗe iska ta juya ta sau biyu, na naɗe ta na haƙura. Inda na ratse kan ciyawa don in kauce wa wani kare da aka saki, taɓo ya kama ni har idon sawu. Maigidan karen ya ce ba ya cizo. Haka duk suke cewa.

Sai ga gadar, Leinster Aqueduct, ginin 1783. Ina tafe a gefen kanal, ruwansa kwance lumui kamar an zuba a tire, na leƙa ta kan katanga sai na ga wani ruwan can ƙasa yana gudu. Kogin Liffey ne, wanda nake tsallakawa kullum a tsakiyar Dublin ba tare da na dube shi ba. An gina gada ta dutse, aka ɗora wa kogi wani kogin a ka. Na daɗe tsaye a wurin. Abin da ya riƙe ni shi ne tunanin mutanen da suka sassaƙa duwatsun nan fiye da shekara 240 da suka wuce, ba siminti irin na yau, ba katafila, kuma har yanzu ruwan na zaune inda suka ajiye shi.

Wayata ce ta katse ni, don ita ce ladanina a ƙasar nan. A Nuwamba azahar da la'asar kusan a manne suke, magariba kuma wajen huɗu da rabi. Alwalar da na yi tun gida ita ta cece ni. Wanda zai yi irin wannan tafiya kada ya dogara da samun wurin kama ruwa a bakin kanal. Na shimfiɗa rigar sanyina a gindin wata bishiya. Wata mata mai tura keken jariri ta rage tafiya, ta zagaya ta bayana, ba ta ce uffan ba. Na so in ƙarasa Bodenstown, maƙabartar da ke arewacin garin inda aka binne Wolfe Tone, jagoran tawayen 1798 da ake zuwa tunawa da shi duk watan Yuni, amma duhu ya riga ni. Da na san haka rana take da rowa, da can na fara.

Yunwa ta maido ni gari. Guzuri ban yi ba, kuskure na uku ke nan. Kifi da soyayyen dankali na samu, bayan na tambayi irin man da suke suya da shi, na tsaya a kan gada ina ci a takarda.

Wajen biyar da rabi jirgi ya tsaya, sai ka ce an fasa rumbu. Mutane suka ɓarko daga tashar, ɗaruruwa, wasu a keke, wasu da gudu zuwa ɗauko yara. Kafin su watse wani jirgin ya sake juye nasa. Fitilun gidajen nan masu fenti ɗaya suka kama ɗaya bayan ɗaya. Layi ya taru a shagon da na sayi kifi ni kaɗai. Yara suka wuce da sandunan wasan hurling, irin sandar ƙwallon gora mai faffaɗan baki. Na ji Turanci, na ji harshen Poland, na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Yarbanci. Garin da mutanensa ba su kai dubu ba a tsakiyar shekarun 1990 yanzu ya haura dubu biyar, kuma tashar nan da aka sake buɗewa a 1994 ita ta kawo yawancinsu. Ruwa ya kafa garin don ya kai kaya Dublin, dogo ya sake kafa shi don ya kai mutane.

Mai gidan ma a cikinsu ya sauko. Ya dubi takalmina, ya ce, "Ka je gadar ruwa ke nan." Na cire su a bakin ƙofa. Ɗakin ya ɗauki dadduma da kujera a lokaci guda. Na zauna na haɗa haya da kuɗin jirgi na wata, na ga ragin bai kai yadda Yaya ta kururuta ba, amma ragi ne.

Na karɓa. Wata na uku ke nan ina fita da duhu ina dawowa da duhu, da kofina a hannu. Na sayi takalmin roba mai tsawo musamman don hanyar dawakan, yana nan bayan ƙofa da takardar farashinsa a jiki.