Godiya ga Allah da bayin Allah da suka ciro mu daga ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillah. Yau kwana shida ke nan da Allah ya kuɓutar da ni da iyalina, kuma sai yau hankalina ya kwanta har na iya zama na yi wannan rubutu. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yi mini afuwa. Duk na gani, Allah ya bar zumunci.

Ranar Asabar muka je suna wani ƙauye a ƙaramar hukumar Doguwa: ni, da Hajiya mahaifiyata, da mai ɗakina, da yaranmu biyu, ɗaya mai shekara 7, ɗaya goyo. Kafin a hau titin da ya taso daga Jos zuwa Kano akwai wata korama da aka yi wa daɓen siminti, ta kai motoci ke bi. Da hantsi da muka wuce, ruwan ko idon sawu bai rufe ba, har wasu yara na wanke babur a ciki. Da la'asar sakaliya muka juyo. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Hadari dai yana can wajen duwatsun Riruwai, baƙi ƙirin, amma inda muke har da rana.

Da muka iso bakin koramar sai na ga ta canza kama. Ruwan ya yi ja, yana kumfa, yana tafe da karan dawa da guntayen itace. Wani dattijo mai gasa masara ya taso ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Malam, dakata. Wannan ruwan dutse ne, kansa ne ma ya iso, gangar jikin na baya." Na ce, "Baba, ga dajin Falgore a gabanmu, ba na son dare ya yi mana a ciki." Ya ce, "To ku kwana a nan mana, akwai ɗaki." A daidai lokacin wata babbar mota ta ratsa ta haye lafiya. Na dubi tayoyinta, na dubi ruwan, na sa giya na shiga. Wannan kuskurena ne ni kaɗai, an gaya mini gaskiya ban ji ba, kuma na nemi gafarar Hajiya da mai ɗakina.

Ba mu kai tsakiya ba injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, bayan motar ya fara juyawa a hankali kamar ana tura kwale-kwale. Na taka birki, babu abin da ya riƙe, domin tayoyin sun bar ƙasa. Na sa kafaɗa na tura ƙofa da iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba, kamar an jingina mata bango. Ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, mai sanyi, mai warin laka. Hajiya na ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", yaron ya ƙanƙame wuyanta. Mai ɗakina ce Allah ya ba nutsuwa, ta daka mini tsawa, "Alhaji, gilas! Sauke gilas!" Na danna, biyu suka sauka har ƙasa, na uku ya tsaya a rabi, wutar motar ta ɗauke gaba ɗaya. Da na ƙara jinkirin numfashi biyu, da a rufe muke. Ruwan ya ja mu ya sauke daga kan daɓen, Allah ya sa gefen motar ya maƙale a jikin wani ɓaure da ke gaɓa.

A nan godiyata ta fara. Samarin ƙauyen nan, Allah ya yi muku albarka. Kafin mu gama kwance bel har sun kawo igiyoyin guga sun ƙulla da ta wani Bafulatani da ya kwanto daga jikin shanunsa, suka ɗaure a gindin mangwaro. Mutum huɗu suka biyo igiyar, ruwa na dukan ƙirjinsu. Na farkon da ya iso yaro ne da bai wuce shekara 20 ba, leɓensa na rawa don sanyi. Ya ce, "Miƙo jaririn tukuna." Ya karɓi mayafin mai ɗakina ya ɗaure jaririyar a ƙirjinsa tamau, ya ɗaga haɓa sama, ya koma yana jan igiya hannu bayan hannu. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin wannan ba, alhali ba ta fi taku 15 ba. Daga nan aka fitar da yaron, sai uwarsa.

Hajiya ce ta ba da wuya, saboda ciwon gwiwa ba ta iya lanƙwasa ƙafa. Ta ce mu tafi mu bar ta, ita ta ci zamaninta. Ɗaya daga cikin samarin ya leƙo da kansa ta taga ya ce, "Inna, wallahi ba mai barin wurin nan sai da ke." Ni ina turawa daga ciki, su biyu suna ja daga waje, har ta fito, suka goya ta. Lokacin da na fito ruwa ya rufe kujeru.

Ina godiya ga mai unguwa da ya buɗe mana zaurensa, da matan gidansa da suka hura wuta, suka ba Hajiya da mai ɗakina zannuwansu, suka dama kunu mai zafi cikin dare. Ina godiya ga ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin da ta zo da tocila ta duba ƙirjin yara, ta wanke yankan da ke ƙafata. Ina godiya ga mai tarakta da ya jawo motar washegari, da bakaniken da ya riƙe mini hannu lokacin da na kai makulli zan tayar. Ya ce ruwa ya shiga ta inda injin ke shaƙar iska, in aka tayar a haka ƙarafan ciki ne za su lanƙwashe. Da na ciro kuɗi zan ba samarin, babbansu ya tura hannuna ya ce, "Haba Malam, saya wa yara magani." Dattijo mai masara kuwa ko kalma ɗaya ta gori bai yi mini ba. Hannuna ya kama ya ce, "Sannu, Allah ya kiyaye gaba."

Tun da na dawo nake bincike, domin na kasa gane yadda ruwan da na ga bai kai gwiwa ba ya ɗauki mota da mutum biyar. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta ce ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa har jif yana tafiya da ita. A can, fiye da rabin waɗanda ambaliya ke nutsarwa a cikin mota abin ke samunsu. Mota akwati ce mai iska a ciki, shi ya sa take tasowa, kuma nauyin ruwan da ke waje ne ke danne ƙofa. Taga ce mafita, tun kafin wuta ta ɗauke: a kwance bel, a sauke gilas, a fara fitar da yara. Sannan jan ruwa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa, ko kwalbatin na nan ko ya tafi. Shekara 18 ina tuƙi, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan, ni ma ban tambaya ba. 'Yan'uwana direbobi, musamman na haya masu ɗaukar rayukan mutane, don Allah ku riƙe.

A daren nan a zauren mai unguwa na tuna mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a Satumban 2024, da na Mokwa da ruwa ya afka wa ranar 29 ga Mayun 2025 ya kashe sama da mutum 150. Su ba a ba su zaɓi ba, ruwa ne ya same su a gida. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Hajiya na samun sauƙi, ta fara takawa. Yaron har yanzu yana firgita cikin barci, ku sa shi a addu'a. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan koma ƙauyen, mu yi sallah tare da su. Saurayin da ya ɗauki jaririyarmu ya ɓace cikin jama'a a daren, ko fuskarsa ban gani da kyau ba, sai dai na ga tabon ƙuna a hannunsa na hagu. Duk ɗan yankin da ya san shi, don Allah ya gaya masa ina nemansa, Hajiya ma tana so ta sa masa albarka da bakinta.

Wassalamu alaikum.