Godiya ga mazauna gidajen da muka zagaya duba wuta

Assalamu alaikum. Mu masu gyaran wuta da muka yi zagayen gida-gida a rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na nan Maradi, muna miƙa godiya ga duk wanda ya buɗe mana ƙofa. Barin baƙo ya shiga ɗaki har ya leƙa bayan firijo ba ƙaramar yarda ba ce. Mai unguwa da ya sa aka yi shela, malam liman da ya tunatar bayan Magariba, samarin da suka riƙe mana tsani cikin ranar bazara, Allah ya saka da alheri. Iyayenmu mata kuwa godiyarsu daban take, don su suka san abin da ke kwana a kunne a kowane gida.

An roƙe mu mu rubuta abin da muka faɗa saboda waɗanda ba su nan. Ga shi.

Da yawa suna ɗora wa cajar waya laifin tsadar faktir, wato takardar kuɗin wuta, alhali abin da take ja bai taka kara ya karya ba. Abin da ke yin zafi shi ke cin kuran. Dutsen guga yana jan wajen wat 1000, hitar ruwa 1500 ko fiye. A tara kaya a goge lokaci ɗaya, maimakon dutse ya riƙa ɗaukar zafi kowace safiya saboda riga guda. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60, in yana ci awa 6 kullum, zai sha kusan kilowat 11 a wata. Na LED mai wat 9 yana ba da haske kamarsa, bai kai kilowat 2 ba. Gida mai ƙwai biyar, bambancin ya haura kilowat 45.

Firijo ne ya fi tsayar da mu, domin ba ya barci. Ku ɗauki takarda ku rufe ƙofar a kanta, sannan ku ja. In ta zare ba turjiya, robar ƙofa ta mutu: sanyi na fita, injin na ta aiki ba hutu. Mun ga wanda aka ɗaure ƙofarsa da tsumma, ƙanƙara ta cika ciki kamar dutse. Ƙanƙarar nan ba alamar ƙarfi ba ce, tana hana sanyi isa ga kaya. Da ta kai kaurin rabin santimita a cire filogi a bar ta ta narke da kanta, kada a sa wuƙa, don huda bututu ɗaya ya isa iskar sanyi ta tsiyaye. A janye shi daga bango kamar santimita 10, a goge ƙurar hunturu da ta toshe ragar baya, kuma tuwo ya huce kafin ya shiga. Masu sayar da ƙanƙara da zoɓo, wannan ribarku ce kai tsaye.

Sai rigimar kontar ɗaya gida huɗu, wato mitar wuta guda da gidaje huɗu ke amfani da ita. Raba faktir daidai-wa-daida zalunci ne ga mai ƙwai biyu da fanka, in maƙwabcinsa na da firijo da hita. Kowa ya rubuta wat ɗin kayansa, yana jikin kowace na'ura, ya ninka da awannin da take aiki, a raba kuɗi a kan haka. Ku kuma sani farashin kamfanin wuta na NIGELEC hawa-hawa ne: in aka haɗu a kontar guda, jimillar kan tsallaka mataki mai tsada, kowa ya biya. Mai gidan da ke da hali ya nemi kontar kowa daban.

Abin da ya fi damun mu shi ne wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Irin wannan haɗi yana ɗumama, kuma daga nan gobara ke tashi. Layin fitila waya mai kaurin 1.5 mm² yake so, na soket 2.5 mm².

Wutar Maradi daga Katsina take biyowa ta Gazawa, kuma duk mun ɗanɗana rashinta lokacin da Najeriya ta yanke a Agustan 2023. Duk sanda aka ɗauke, a cire firijo da talabijin. In ta dawo a jira minti 5, don ta kan zo da ƙarfi ko da rauni, kuma injin firijo ba ya son tashi nan take.

Gidajen da ba mu kai gare su ba, ku yi haƙuri, muna tafe. Kafin nan ku kashe komai, ku cire filogi duka, ku tsaya gaban kontar. In har tana ƙirga, ko wuta na zurarewa ko wani na ja daga layinku. Ku rubuta lambar da take nunawa yau, ku ajiye mana.