Shafukan da Na Yage

A shekarar ƙarshe ta karatuna na haɗa magunguna, aikin binciken da aka ba ni shi ne in tatso sinadarin ganyen darbejiya in gwada shi a kan wasu ƙwayoyin cuta. Wata uku ina abu ɗaya. In shanya ganye a inuwa, in daka, in jiƙa, in ɗora a wuta, in ɗiga a farantin gwaji, washegari in tarar ƙwayoyin sun yi yabanya abinsu kamar taki na zuba musu. Duk ranar da haka ta faru sai in yage shafin daga littafin aikina, don a ganina ba a kai wa malami abin kunya.

Ranar da malamin da ke duba aikina ya karɓi littafin, bai ko fara karantawa ba. Ya riƙe shi a tafin hannu kamar mai auna nauyinsa, ya ce, "Ɗan samari, littafin nan ya rame. Ina sauran?" Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda ba su yi ba ne na cire." Ya ce to a wane zafi na dafa na farkon, kuma na minti nawa? Na yi tsuru-tsuru.

Wannan a watan Oktoban 2015 ne, makon da aka sanar da kyautar Nobel ta fannin likitanci. Rabinta ya tafi ga wata dattijuwa 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, mai shekara 84 a lokacin, ɗaya rabin kuma William Campbell da Satoshi Omura suka raba saboda maganin da ake bayarwa kyauta a ƙauyukanmu don cutar makanta ta bakin kogi. Malam ya ce in je in karanto yadda matar ta yi aikinta, kada in dawo masa da tarihin haihuwarta.

Abin da na tarar ya fi ƙarfin zatona. Lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓin cizon sauro yana kayar da sojoji, kulorokwin kuma ya daina jin magana. Sai Sin ta buɗe wani shiri na sirri a 1967, aka ba Tu jagorancin wata tawaga a 1969. Suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya suka tattaro haɗe-haɗe sama da 2,000. Wani tsiro da suke kira cinhao, dangin tazargaden nan da iyayenmu mata suka sani, yakan nuna alamar aiki yau, gobe ya ƙi. Da ni ne, nan zan yage shafi in wuce. Ita kuwa ta koma ga rubutun wani masani, Ge Hong, na ƙarni na 4, inda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Babu maganar tafasawa. Nan ta gane cewa wuta ce ke kashe sinadarin. Ta sauya zuwa wani ruwan tacewa da ake kira "ether", wanda ke tafasa a kusan digiri 35 kacal, kuma a watan Oktoban 1971 samfur mai lamba 191 ya kashe ƙwayoyin zazzaɓin kaf a jikin ɓeraye. Kafin a ba majinyata, ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu.

Lambar nan, 191, ita ta hana ni barci. Ba za a sami na 191 ba sai an ƙirga 190 da suka gabace shi, kowanne da bayanin abin da aka yi masa. Da ba ta san yadda aka tace na baya ba, ta ina za ta zargi wuta? Ni kuwa shaidar da za ta nuna mini inda nake kuskure ita nake zubarwa a kwandon shara da hannuna.

Akwai wani abu da har yau bai kwanta mini ba game da kyautar kanta. Ƙa'idarta ba ta yarda a raba ta ga fiye da mutum uku ba, alhali shirin da ya haifar da maganin atemisinin, wanda aka tatso daga cinhao ɗin nan, ɗaruruwan masana ne suka yi shi, kuma a Sin ɗin ma an yi ta gardama kan haka. Sannan tun 1974 ba a zaɓar mamaci. Shekara 44 ke tsakanin gwajin 1971 da bikin 10 ga Disamba a Stockholm, ranar da Alfred Nobel ya rasu a 1896. Da ajali ya riga kwamitin, da shi ke nan. Matar ba ta da digirin digirgir, ba ta yi karatu a waje ba, ga shi kuwa duk wanda ya sha maganin zazzaɓi na zamani a Kano ko Maraɗi ya ci moriyar aikinta.

Na koma wurin Malam da wannan bayani ina jiran yabo. Ya saurara har na gama, sannan ya jawo durowa ya miƙo mini sabon littafi mai bangon kwali, ya sa na rubuta lamba a kowane shafi a gabansa, daga 1 zuwa 96, da biro. Gwaji goma sha ɗaya na sake daga farko, domin na kasa tuna abin da na yi a cikinsu. A na bakwai na lura cewa duk ganyen da na bari ya daɗe a wuta shi ne ba ya taɓuka komai. Sakamakon da na samu a ƙarshe ɗan kaɗan ne, zobe siriri kewaye da ɗigon magani inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa, kuma na miƙa aikina mako uku bayan sauran 'yan ajinmu.