Yadda a-kori-kurata ta daina gardama da safe

Motar tawa ƙirar 1988 ce, injin fetur mai silinda 4, mai kafireto, babu ruwanta da kwamfuta. Wajen wata biyu da suka wuce ta tsiro da hali biyu. Da safe sai in yi ta murɗa makulli, kik yana juyawa a kasalance, sai a karo na huɗu ko na biyar ta kama. In kuma na hau hanya, da zarar na taka totur sai ta cije kamar an shaƙe mata wuya, sannan ta zabura. Wannan na biyun ya fi tayar min da hankali, domin ranar nan ta cije min a daidai shiga babban titi, ga kaya a baya, ga babbar mota tana tahowa.

Kuskuren da na fara yi shi ne ɗaukar abin a matsayin cuta ɗaya. Na sayo fulogi huɗu, na daidaita bakinsu a milimita 0.8, na ɗaura. Ko gezau. Da na duba tsofaffin da kyau tun farko, da na ga kansu ruwan ƙasa-ƙasa ne, a bushe, alamar wuta tana ci yadda ya kamata.

Sai na ɗauko mita, wato na'urar auna ƙarfin wutar lantarki. Batir a zaune yana ba da bolt 12.6, ina murɗa makulli kuma bai sauka ƙasa da 10 ba, wato ba shi da laifi. Amma da na ɗora waya ɗaya a kan batir ɓangaren nagatif, ɗayar a jikin injin, aka murɗa min makulli, sai mita ta nuna kusan bolt 1 yana ɓacewa a hanya, alhali bai kamata ya wuce 0.2 ko 0.3 ba. Na kwance wayar at, wato wadda ta haɗa nagatif ɗin batir da injin, daga jikin injin, sai ga wani koren gari ya cinye ƙarƙashin notin, zaren tagullar rabinsu sun tsinke. Sabuwar waya kawai na saka, kik ya dawo da kuzarinsa.

Duk da haka, in ta kwana biyu a ajiye sai ta ɗan ja rai. Tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo ne ya tsattsage. Abin da ke ruɗar mutum a nan shi ne ba ya ɗiga, domin ɓangaren zuƙa ne, iska yake sha. Sai da na lanƙwasa shi da hannu na ga tsagar ta buɗe baki. Na canza shi tare da filtar mai, wadda na zazzage ta na ga jan tsatsa.

Cijewar kuwa tana nan. An ba ni shawarar in murɗa sukurorin kafireto, na ƙi, kuma har yanzu ina ganin na yi daidai. Motar da take sulo lafiya, wato injin yana aiki daidai in tana tsaye, ba ta rawa, me ya kai ni taɓa mata saiti? A cikin kafireto akwai wani ɗan famfo da aikinsa ɗaya ne: lokacin da ka taka totur iska ce ke riga mai shiga, to shi ne ke watsa ɗan fetur nan take ya cike giɓin. Gwada shi ba wuya. Ka kashe injin, ka cire gidan filtar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto da tocila, ka ja wayar totur da hannu. Kada ka kuskura ka leƙa ana tada motar, wuta tana iya dawowa ta nan. Lafiyayye zai feso mai siriri mai ƙarfi kamar daga sirinji. Nawa ɗigo biyu ya yi ya tsaya.

Da na kwance murfinsa, robar ciki ta bushe ta yi tauri kamar tsohuwar fata, gefenta ya tsage. Na saka sabuwa, na busa 'yar ƙofar feshin da maganin wanke kafireto, ban tsokane ta da waya ba don kada ramin ya faɗaɗa. Na ja totur, mai ya feso. Yau kwana 12 ke nan, murɗa ɗaya take tashi, jiya kuma na hau tudu da lodi a giya ta uku ba ta cije ba.